Numfashin Taɓo: Daga Fadamar Haɗeja Zuwa Dausayin Tibet

A tsakiyar hunturun da ya wuce na bi wani dattijo masunci cikin kwalekwalensa, a wata fadama gabas da Haɗeja inda kacala ta cinye rabin ruwa. Ba kifi ya kai ni ba. Robar ruwa na riƙo wadda na yanke wa gindi, da ashana, da ɗalibaina biyu da suka ce ƙafata ƙafarsu. Duk sa'ad da dattijon ya kafa gora a ƙasan ruwa ya tura, sai kumfa ta taso ɓul-ɓul a gefen jirgi. Na ce, "Baba, a taimaka a ƙara caka gorar nan a wurin." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, numfashin taɓo ka zo kamawa?"

Muka cika robar da ruwa, murfinta a rufe, muka riƙe ta cikin ruwan, yankakken gindin yana kallon ƙasa. Kumfa ta riƙa shiga tana korar ruwa. Da ta taru, na kwance murfi na danna robar, yaro ɗaya ya ƙyasta ashana a bakinta. Wata shuɗiyar wuta ta yi fat, ta mutu. Dattijo ya ja salati.

Iskar da ta kama wuta sunanta metan. Ita ba ta da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke biyo kumfar na wata iska ce daban. Kuma ba mu muka fara wannan wasa ba. A 1776 wani Ba'italiye, Alessandro Volta, wanda daga baya ya ƙera batir, ya tara irin wannan iska a bakin tafkin Maggiore ya cinna mata wuta. Shi bai san mai numfashin ba. Sai da aka shekara ɗari biyu kafin a gane cewa masu fitar da wannan iska ba bakteriya ba ne kamar yadda aka ɗauka, wata zuriya ce mai zaman kanta, wadda yanzu ake kira arkiya.

Yadda aka gane su ya yi kama da abin da kakanninmu ke yi a kasuwa. A da, dattijo kan dubi fuskar baƙo a Maigatari ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, tun bai buɗe baki ba, domin askar da ke kumatunsa ta riga ta faɗi gidansu. To ƙananan halittun nan ba su da fuska. Ka sa su a madubin ƙara girma, duk abu ɗaya za ka gani: wannan kamar guntun tsinke, wancan kamar ƙwayar gero. Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka ya ce bari a nemo askar a ciki. Kowace ƙwayar halitta tana da wani ɗan inji mai ƙera furotin, ana ce masa ribosom, a cikinsa kuma akwai wani zare na bayanin gado da masana ke kira 16S. Kowa yana da shi ko makamancinsa, kuma ba ya saurin sauyawa. Idan zaren halittu biyu ya yi kusan daidai, 'yan ɗaki ɗaya ne. Idan ya yi hannun riga, sun daɗe da rabuwa. A 1977 Woese da George Fox suka buga sakamakonsu: nisan da ke tsakanin masu fitar da metan da bakteriya ya kai nisan da ke tsakanin bakteriya da tsiro ko dabba. Manyan masana da yawa suka yi masa ca. A 1990 shi da abokan aikinsa suka ce masu rai manyan gidaje uku ne: bakteriya, arkiya, da masu ƙwaya mai cibiya, wato tsirrai da dabbobi da naman gwari da mu.

Bambancin ba a takarda kawai yake ba. Bangon da bakteriya ke kewaye kanta da shi, wanda allurar fanisilin ke rushewa, arkiya ba ta da irinsa. Kitsen da aka yi fatarta da shi ma ƙirarsa daban ce. Har yau kuma ba a tabbatar da ko guda ɗaya tana haddasa cuta ba, alhali suna nan fal a tumbin saniya, su ne ma ke sa ta gyatsar metan in tana tuƙa, kuma akwai su a hanjin mutum.

Da farko an ɗauka 'yan zaman wuya ne kawai: tafasasshen marmaro, tafkin gishiri, bakin dutse mai aman wuta a ƙasan teku. Akwai gaskiya a ciki, don an ga Methanopyrus kandleri tana hayayyafa a zafin digiri 122. Amma a 1992 aka tarar da su birjik a ruwan teku mai sanyi, daga nan aka yi ta cin karo da su a ƙasar gona da ta daji. Wani bincike na 2011 a kan samfurin ƙasa 146 daga sassan duniya ya nuna, a matsakaicin lissafi, kusan kashi 2 cikin ɗari na irin waɗannan ƙananan halittu a cikin ƙasa arkiya ne. Kaɗan ne a ƙirga. Sai dai gishiri ma kaɗan ake sawa a miya.

Yanzu mu hau tsauni. A gabashin doron Tibet, inda lardunan Sichuan da Gansu na ƙasar Sin suka haɗa iyaka, akwai wani makeken dausayi da ake kira Zoige. Yana wajen mita 3,500 sama da teku. Don a kwatanta, Jos tana wajen mita 1,200, Mambila wajen 1,600, mu nan Haɗeja ko 400 ba mu kai ba. In aka haɗa zafin shekara aka raba, wajen digiri 1 ake samu a can, kuma saman ƙasa kan daskare watanni. Makiyayan wurin shanun yak masu dogon gashi suke kiwo, ruwan da ke tsatsowa daga dausayin kuma yana cikin abin da ke ciyar da Rawayen Kogi. Saboda sanyi da ruwan da ke kwance, ciyawar da ta mutu ba ta gama ruɓewa. Ta bana ta hau kan ta bara, haka shekaru dubbai, har ta zama baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, zurfin mitoci a wasu wurare. A fadamarmu, ganyen da ya faɗi da damina zafi ya cinye shi kafin wata daminar. A can rumbu ne da aka cika aka toshe, sanyi ne mai gadin ƙofa.

In ka soka bututu a irin wannan ƙasa ka zaro, unguwa-unguwa za ka tarar. A sama, inda iska ke shiga, masu cin amoniya ne ke da gari. Waɗannan sun shafi duk manomin da ya taɓa watsa yuriya, domin su da wasu bakteriya ne ke fara juya amoniyar taki, har ta kai ga zama naitiret, wanda shuka ke sha amma ruwa ke saurin wankewa. Sama da shekara ɗari ana cewa aikin bakteriya ne kaɗai, sai a 2005, a ɗakin gwaji, aka raini arkiya mai wannan sana'a daga tankin kifi a birnin Seattle, a 2011 kuma aka raini 'yar'uwarta, Nitrososphaera viennensis, daga ƙasar wani lambu a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ƙasa da nan, inda ruwa ya toshe kowace kafa, oksijin ya ƙare, nan ne unguwar masu fitar da metan. Ba su iya cin ganye kai tsaye. Sai bakteriya sun farfasa shi, su kuma su jira ragowa: wasu su haɗa haidirojin da iskar kabon, wasu su ci asitet, wato tsamin da ke cikin binega, wasu su ci metanol, wani nau'in sifirit. A tare da su akwai wata babbar zuriya, Bathyarchaeia, da ake yawan samu a lakar ƙasan ruwa, tana kiwo a kan tsoffin ragowar tsirrai masu wuyar ruɓewa. Har da waɗanda ke yin aikin a juye, irin su Methanoperedens, masu cinye metan ɗin tun bai fita ba.

Abin da ya bambanta Zoige shi ne abincin. A mafi yawan dausayoyi, asitet da haidirojin ne manyan hanyoyi. A can kuwa masu bincike na Sin sun nuna cewa cikin sanyi metanol na taka babbar rawa. Yana fitowa ne daga fektin, wani danƙo da ke manne sassan jikin tsiro, sa'ad da bakteriya suka warware shi a gindin ciyawa. A 2008 suka ba da labarin wata da suka raina daga wannan ƙasa, Methanolobus psychrophilus, mai rayuwa a kan metanol, wadda ke ci gaba da aiki har kusa da daskarewar ruwa. Ƙarshen sunan nata yana nufin masoyiyar sanyi. Amma da aka auna, zafin da ta fi walawa a cikinsa digiri 18 ne. Wato sanyin safiyar hunturu a nan, lokacin da muke jin ɗumi a bakin murhu. Haka Methanococcoides burtonii ta tafkin Ace a Antaktika: tana zaune a ruwan da bai wuce digiri 1 zuwa 2 ba, amma a ɗakin gwaji ta fi sauri a wajen digiri 23. A ganina sunan ya yi musu yawa. Ba son sanyin suke ba, haƙuri da shi suka fi kowa, sun samu filin da abokan takara suka gudu suka bari.

Nan ne zancen dangantaka ya yi daɗi, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mutum zai zaci in aka zana bishiyar salsalar arkiya, za a ga reshe guda na 'yan sanyi, na Tibet da na Sibiriya da na Antaktika duk a wuri ɗaya. Ko kusa. A warwatse suke, kowacce a gidan da yawancin 'yan'uwanta ba ruwansu da ƙanƙara. Methanogenium frigidum, wadda ita ma daga tafkin Ace aka samo ta kuma ta fi son digiri 15, gidanta daban da na burtonii duk da ruwa ɗaya suke sha. Dubi dangin Methanobacteriaceae: a ciki akwai wadda aka tono daga daskararriyar ƙasar Sibiriya, akwai Methanobrevibacter ta tumbin saniyar Bafulatani da ke kiwo a bakin fadamarmu, akwai kuma Methanothermobacter mai son zafin digiri 65. Uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da inda arziki ya kai shi. Ashe juriyar sanyi ba gadon gida ɗaya ba ce. Sana'a ce da gidaje daban-daban suka koya, kowane a lokacinsa, kamar yadda za ka sami maƙeri a Gumel da maƙeri a Rano ba tare da kakansu ɗaya ba. Dabarun ma kusan iri ɗaya ne: a sassauta kitsen fata don kada ya sandare kamar man shanu a hunturu, a kuma yi furotin mai laushin gaɓoɓi da zai iya motsi cikin sanyi.

To in ba sanyi ba, me ke raba su? A 2010 wasu masana a Sifen suka tattara bayanan arkiya daga muhallai iri-iri na duniya, suka ga gishirin wuri ya fi zafinsa ko sanyinsa tasiri wajen tantance waɗanda ke zaune a ciki. In an cire zancen gishiri, sai tsamin ƙasa, da zurfin ruwa, da irin ciyawar da ke sama, sannan zafi. Ma'ana, ta wata fuskar taɓon ruwan daɗi na fadamar Baturiya da ke yankin Haɗeja ya fi kusa da na wani dausayi mai nisa a kan tsauni fiye da wurin da kanwa ke fitowa ta yi fari fat a saman ƙasa, ko da tafiyar yini ce tsakaninsu.

Mu tamu jarrabawar ba ƙanƙara ba ce, rani ne. Oksijin guba ne ga masu fitar da metan. Fadamar da muka shiga da kwalekwale, gefenta kan bushe a watan Afrilu ya daddare har ƙafar akuya ta faɗa ciki, iska ta shiga ko'ina. Bisa ƙa'ida ya kamata su mutu ƙurmus. Amma ruwa na dawowa, ba a daɗewa kumfa ta dawo. Wani bincike da aka buga a 2012 ya ɗebo busasshiyar ƙasa daga wurare daban-daban, har da hamadar Negeb, aka jiƙa ta aka toshe. Metan ya fito, kuma gidaje biyu ne suka yi ta bayyana: Methanosarcina da Methanocella. Ita ta biyun daga gonar shinkafa a Japan aka fara rainonta, kuma an ga tana ɗauke da kayan kare kai daga oksijin fiye da yawancin danginta. Ba sa farkawa nan take. Sai an bi layi: oksijin ya ƙare, masu amfani da naitiret su yi nasu, masu ƙarfen ƙasa su yi nasu, shi ya sa lakar fadama ke komawa toka-toka da jan ɗigo kamar tsatsa, sannan a ƙarshe masu metan su samu wuri. Na Tibet suna jiran narkewa, namu suna jiran ruwa, kuma cikin masu jiran akwai 'yan gida ɗaya.

Ita kanta bishiyar salsalar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Shekaru da yawa an yarda cewa fitar da metan sana'ar ɓangare guda ce na arkiya. A 2015 aka tsinci alamar gadon wannan aiki a cikin Bathyarchaeia daga ruwan rijiyoyin kwal a Ostareliya, bayan nan aka yi ta tsintar ta a wasu rassan masu nisa, har masana da dama suka karkata ga cewa tsohuwar sana'a ce tun daga tushe, wasu suka riƙe, wasu suka yar. Ga kuma aro. Waɗannan halittu kan karɓi guntun bayanin gado daga maƙwabci wanda ba danginsu ba, har daga bakteriya, kamar mai aron garma da ya ƙi mayarwa har 'ya'yansa suka gada. Shi ya sa ni ba na ganin ta kamar giginya mai miƙewa sak. Ta fi kama da tsohuwar cediya, wadda jijiyoyinta ke saukowa daga rassa su nannaɗe juna har ka rasa gane wanne ne na asali.

Babbar girgiza ita ce ta 2015, lokacin da aka karanta bayanin gadon wata arkiya daga lakar ƙasan teku tsakanin Nowe da Girinlan, aka tarar tana da wasu kayan aiki da a da ake cewa sai masu ƙwaya mai cibiya. Danginta ake kira Asgard. Wasu Japanawa sun shafe wajen shekara 12 kafin su iya rainon guda ɗaya, suka buga sakamakon a 2020. Wannan ya sa masana da yawa yanzu ke cewa manyan gidajen biyu ne, na ukun daga cikin arkiya ya tsiro. Na san irin wannan magana kan sa wasunmu su gyara zama. Ni a aji iyakata in nuna wa yara abin da awo ya nuna na kamanni tsakanin ƙwayoyin halitta, da yadda masanan suka fassara shi. Hukuncin aƙida kuwa yana da malamansa.

Akwai kuma inda nake yi wa irin waɗannan bincike kallon tsanaki. Yawancinsu ƙasa ake ɗebowa, a tsamo DNA, wato zaren bayanin gado, a karanta a kwamfuta, a fito da jadawalin kashi kaza na wane, kashi kaza na wane. To DNA ba ya faɗa maka mai shi na raye ne ko ya mutu, yana aiki ne ko barci yake, balle a ƙasa mai sanyi da ke adana gawa. Ƙugiyar da ake kamo zaren 16S da ita ma tana da waɗanda take tsallakewa. Mafi yawan sunayen da ke jadawalin ba wanda ya taɓa rainon masu su. Ga sauyin suna: masu cin amoniyar nan an kira su Crenarchaeota, a 2008 aka ba su Thaumarchaeota, yanzu kuma wani sunan ake yayi. Ƙidayar gidaje ce da dare: ka san akwai mutane, ba ka san sana'ar kowa ba.

Duk da haka lissafin ya shafe mu. Dausayoyi su ne mafi girman maɓuɓɓugar metan ta halitta a duniya, kuma a tsawon shekara ɗari metan ya ninka iskar kabon wajen sau 28 a riƙe zafi. In doron Tibet ya ƙara ɗumi, masu haƙurin nan da suka fi son digiri 18 ba wahala za su sha ba, gari ne zai waye musu, ga rumbun shekaru dubbai a gabansu. In kuma aka janye ruwan, kamar yadda aka yayyanka magudanai a Zoige shekarun baya don a samu makiyaya, metan ya ragu amma baƙar ƙasar ta sha iska ta ruɓe ta fita a matsayin kabon. Gaba kura, baya sayaki. Mu ma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa da tafiyarsa a kwarin Haɗeja ya sauya, wasu wuraren da a da ke bushewa da rani suka koma ruwa shekara zagaye, kacala ta samu gida. Manomin shinkafa a Auyo ko Kura da ke barin fili ya ɗan tsane kafin ya sake ba shi ruwa, shi tattalin ruwa da man inji yake yi, amma a fakaice yana shaƙe masu metan ne da iska.

Da muka juyo, na kamo ganyen kacala na karya shi biyu na miƙa wa yaran. Cikinsa ɗakuna ne ƙanana jere, kamar saƙar zuma. Ta nan tsiron ke tura iska zuwa saiwarsa da ke nutse, ta nan kuma metan ke hawowa ya fice, kamar hayaƙi ta tagar madafi. Shinkafa ma haka take, ciyawar Zoige ma haka. A gonar shinkafa, mafi yawan metan ta jikin shukar yake fita, ba ta kumfa ba. Dattijo ya karɓi ganyen ya ɗaga shi saitin rana, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce shekara da shekaru yana saran kacala don ya buɗe wa jirginsa hanya, bai taɓa duba cikinta ba. Sai ya jefa shi a ruwa, ya ce wa yaran su zauna sosai, akwai wuri mai zurfi a gaba.